Tokar da Aka Zubar Mini

Matar ɗana ta zubar mini da toka, kuma ban ji daɗi ba, ban kuma ɓoye mata ba. Bokiti biyu cike, tokar itace tankaɗaɗɗiya, wadda na shafe wata huɗu ina tarawa. Ranar Talata ta kwashe ta juye a kwata, ina can gidan gaisuwa a Gwammaja. Da na dawo sai na tarar an wanke bokitan tas, an kife su a gindin famfo suna ɗiga.

Wanda bai sani ba zai ce tsohuwa ta rasa abin faɗa. To ya tashi ya nemo mini tokar itace a cikin birnin nan yanzu. Mai hali ya koma gas, marar hali gawayi, shi kuwa gawayi in ka ƙona na yini guda tokarsa ba ta cika ludayi. Sai na taka har Ƙofar Mazugal wurin Ladi mai ƙosai, ita kaɗai na sani da har yau take hura itace, in tsuguna da gwiwoyin nan nawa in kwasa a leda, in zo in shanya, in tankaɗe.

Na ce, "Nafisa, ina tokata?"

Ta ce, "Umma, ai na ɗauka shara ce. Ummi ce take ta zuwa wurin tana ɗiba tana kaiwa baki."

"Sharar ce ake tankaɗewa a rufe da faifai?"

Ta sunkuyar da kai. Yarinyar kirki ce Nafisa, ba zan yi mata ƙarya ba. Malamar makaranta ce, kuma tunda ta shigo gidan nan ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Ki yi haƙuri Umma. In don waken nan ne, Abban Ummi ya riga ya sayo magani. Ɗigo kaɗan ake yi a buhu, ƙwari ba sa ƙara kusantarsa. Har kyankyasai da kuɗin cizo yana kashewa."

Ta shiga ɗaki ta fito da 'yar kwalba irin ta fiya-fiya, ko takarda babu a jikinta, ta ɗora a kan buhun waken da muka saya na damina. Ummi, jikata, wadda ba ta cika shekara biyu ba, ta dafa buhun ta miƙe tsaye ta miƙa hannu. Na riga ta. Na ƙulle kwalbar a haɓar zanina na shige ɗakina.

Da yamma hadari ya haɗu ta gabas, ruwa ya sauko, irin na marka wanda ba ya sauri ba ya tsayawa. Gidan namu na Madabo yanzu siminti ne da kwano, amma katangar maƙwabtanmu har yau ta ƙasa ce, kuma in ta jiƙa tana da wani wari. Shi ne ya shigo mini ta taga ya mayar da ni wata damina, sama da shekara arba'in baya.

Mu huɗu ne a gidan lokacin. Ni, da Malam mijina mai ɗinkin hula, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, da yarinyata ta fari mai shekara uku. Kakannin su Malam daga Barno suka zo, tun ba a haifi kowa a unguwar ba, amma in Iya ta fusata har lokacin da Barbarci take gunaguni. Sunanta aka saka wa yarinyar. Don haka sunan ya haramta a bakina sau biyu: na surukata ne, kuma na 'yar fari ne. A gaban mutane ba na ɗaukar ta, ba na yi mata wasa, ba na kallon ta sau biyu. In zan kira ta sai in ce "ke". A ɗakin Iya take kwana, a kwanon Iya take ci. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma na iya sosai, har ana misali da ni.

Iya tana da tsarinta na shekara, ba ta kaucewa. Da kaka Malam zai sayo wake buhu guda. Mu hau da shi kan soro mu baza a tabarma kwana uku, sai ta ɗauki ƙwaya ta ciza, in ta ji ƙaras ta ce ya yi. Tokar kuwa tun kafin nan an tara, an bar ta ta huce kwana biyu, an tankaɗe ta har ta yi laushi kamar garin tuwo. Kwanon wake, kwanon toka, a cuɗa da hannu har kowace ƙwaya ta yi fari. A zuba a randa, a jefa busasshen barkono a tsakani, a rufe saman da ganyen darbejiya, a kifa kasko, a liƙe bakin da laka. Randa uku take yi. Ta farko ta bazara, ta biyu ta farkon damina, ta uku ta marka, lokacin da hatsi yake ƙarewa a ko'ina sabo bai iso ba. Ba a taɓa ta uku sai ta biyu ta ƙare, ko da kuwa baƙo ne ya zo daga Makka.

Shekara huɗu ina gidan amma ba ta daina ce mini Amarya ba. Takan ce, "Amarya, ƙwaro numfashi yake kamar ke. Toka ta toshe masa, barkono ya kore shi, shi ke nan. Ba sai kin yi faɗa da shi ba."

Da bazara kuma yaƙin kuɗin cizo ne. Zafi ya sauko, ɗaki ya zama kamar tanda, su kuma su fito daga tsagar bango da gaɓoɓin gado su yi ta cin mutum har gari ya waye jikin yara duk ƙuraje. Ranar Alhamis matan gidaje uku muke haɗuwa, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan waccan. A fito da gadaje tsakar gida, a ɗora babbar tukunya, ruwa ya tafasa yana tsalle, a bi kowace gaɓa da buta ana kwarara. A hau da katifun rimi kan soro su sha rana har mutum ba ya iya taɓa su. A bi tsagar bango da laka. Warinsu in an murƙushe su yana kwana a yatsa. Ƙafafun gado a tsoma su a gwangwanin madara da ɗan kananzir. Ramin ɓera a cusa masa fasassun kwalabe a liƙe. Tururuwa a zagaye mata tulun man gyaɗa da toka. Da magariba Iya ta zuba busasshen ɓawon lemo a kasko da garwashi, hayaƙin ya kori sauro, ya kore mu mu ma har zaure muna tari. Ba mu da kuɗin sayen komai, kuma duk da haka gidan yana zaunuwa.

A shekarar da nake magana, daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Wanda bai ci ba kuwa ba ya sayen hula. Malam ya yi ta kai kaya kasuwar Kurmi yana dawowa da su, har ya gaji ya ɗaure su a buhu ya tafi kudu, ya ce in ya samu zai aiko. Bai samu ba. Randar farko ta ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Muka koma girki sau ɗaya a yini, da azahar. Da safe ruwan zafi da ɗan gari a kaɗa, a ce koko ne.

Ruwa ya yi jinkiri, sama ta yi fari fat, kwana da kwanaki ana fita roƙo. Da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya. Indararo ya yi ta zuba ba dare ba rana, lungu ya zama kogi, bango ya jiƙe har in ka jingina sai bayanka ya yi sanyi. Gishiri ya narke a gwangwani. Ashana ta ƙi kamawa. Tabarma ta yi baƙi ta ƙasa. Iya, da shekarunta, takan yafa buhu a ka ta fita bakin ganuwa ta tsinko tafasa da rama, mu dafa mu kwaɗa da ɗan ƙuli in an samu. Yunwar damina daban ce da ta rani. Ga sanyi, ga danshi, ciki kuma babu komai, sai mutum ya ji ƙashinsa ne yake jin yunwar.

Randunan suna wani ɗan ɗaki a ƙuryar gida. Wata rana Iya ta kira ni ciki ta ce, "Sa kunnenki." Na kasa kunne, na ji wani ɗan ƙas-ƙas a saman kanmu. Gara ce a cikin azara. A shekarar lafiya da baƙin mai za a nemo a shafe itacen, ko a ɗura kananzir a hanyarta. Kananzir ɗin da ya rage mana bai wuce na fitila ba. Iya ta watsa toka a gindin bango, ta ce Allah ya kai mu kaka. Muka yi niyyar fitar da randar ta uku, amma mu biyu mata, ɗaya tsohuwa, ɗaya da yunwa, ko motsa ta ba mu iya ba, kuma Iya ta ce ba za a fasa liƙin ba tunda akwai sauran kwano biyu a ta biyu.

Da hantsi rufin ya faɗo, ranar wata Lahadi. Ƙarar ba ta ma da yawa, kamar an sauke buhu daga kan jaki. Muka tarar azara ta karye ta faɗa a kan randar ta raba ta biyu, wake da toka da ƙasar rufi sun zama taɓo ɗaya, ruwa yana zuba a kai. Muka durƙusa mu uku a cikin ruwan muna tsinta ƙwaya ƙwaya. Yarinyar tana tsinta da 'yan yatsunta tana kawo wa Iya, tana cewa, "Iya ga nawa, nawa ya fi na Amarya." Ita ma Amarya take ce mini.

Babu ranar da za a shanya. Muka baza shi a ɗaki, muka kai shi gefen murhu, muna juyawa. Wani ya tsiro, muka cinye shi a kwana uku. Wani ya ruɓe. Abin da ya tsira ya kai rabin randa, muka zuba a babbar ƙwarya, tsirara, babu toka. Kafin wata ya zagayo ƙwari sun same shi. Sai ka ɗauki ƙwaya ka ga 'yar ƙofa zagayayya, ka matsa ta fashe babu komai a ciki sai gari. In na ɗaga faifan su tashi su sauka a fuskata. Ina kallo abincinmu na sauran damina yana komawa ƙura.

Tokar kuma babu. Wanda yake girki sau ɗaya da jiƙaƙƙen kara, tokar da zai samu ba ta cika tafin hannu. Maƙwabta ma kowa yana riƙe da tasa, da ita ake wanke kwano, da ita ake tace ruwan miya tunda kanwa ta yi wuya. Iya ta ɗauki gwangwani tana bi gida gida ana ba ta kaɗan kaɗan, ta zo ta busar a gefen wuta.

Ta ce, "Amarya, kwana goma mu haɗa abin da zai rufe shi. Kafin nan ki ƙara barkono, ki riƙa sheƙewa kullum."

Na ce, "Iya, ƙwarin ne za su zauna su jira mu kwana goma?"

Ta ce, "Za su ci nasu, su bar mana namu."

Ni kuwa lokacin jinina yana tafasa, bakina ma bai mutu ba. A zuciyata na ce tsohuwar nan za ta kashe mu da haƙurinta.

Akwai wata dillaliya, Tabawa, da take shiga gidajen matan aure da kaya a ƙulle, tunda mu ba ma fita. Ta shigo ranar Iya ta tafi tsinkar tafasa, ta tarar da ni ina sheƙe wake ina ƙwalla.

Ta ce, "Ke kuwa me ya yi zafi? Mutuwa aka yi?"

Na nuna mata ƙwaryar.

Ta ce, "Wannan ne? Ku mutanen cikin birni kun cika wahalar da kanku da toka kamar masu wankin tukunya." Ta kwance ƙullinta ta fito da wani gari ja-ja, an naɗe shi a yankin takardar da aka yago daga jikin fakitinsa, da rubutun boko a kai. "Manoma shi suke zubawa. Ko ɓera ba ya kusantar inda yake."

Na ce, "Ana ci dai ko?"

Ta ce, "To da me manoman suke rayuwa? Wankewa fa za ki yi."

Na shiga ɗaki na cire tasa ɗaya daga jerena na ba ta. Na shekara goma ina tsine wa Tabawa a zuciyata, sai daga baya na yarda ita ma ba ta san abin da ke jikin takardar ba. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, kamar yadda ni ma ban taɓa ba. Gidanmu cike yake da rubutu, alluna a zaure, littattafan Malam a gafaka, amma duk cikinmu babu mai karanta boko.

Na barbaɗa, na cuɗa, na rufe. Washegari na ɗaga faifai, shiru. Ƙwari sun zube a gindin ƙwarya kamar baƙin yashi. Wallahi daɗi na ji, har da ɗan girman kai. Idon Iya ya riga ya yi rauni, ba ta ga launin ba, amma kunnenta ƙalau.

Ta ce, "Amarya, ƙwarin nan sun yi shiru."

Na ce, "Barkononki ne ya yi aiki, Iya."

Ta daɗe tana kallon inda nake.

Kwana biyu bayan haka na ɗebi kwano guda na wanke. Ruwan farko ya fito ja-ja, na biyu ya yi sauƙi, na uku ya fito fari, na ce shi ke nan. Na dafa shi da gishiri da barkono, babu mai. Ƙamshinsa ya cika gidan, rabonmu da cikakken kwano mun manta. Iya ta ci kaɗan, haƙoranta ba sa son wake, ta tura wa yarinyar sauran. Ni kuma na ɗauki nawa na shiga ɗaki. Na leƙo, na ga Iya ta juya baya tana alwala, na yafito yarinyar da hannu. Na zaunar da ita a bayan ƙofa inda ba mai gani, na ɗora ta a cinyata, abin da ban taɓa yi a tsakar gida ba, na riƙa ba ta nawa a baki. Wuyanta ya rame har ana ganin jijiya. Tana ci tana kallona tana mamaki. Ta cinye tas, ta lashe yatsana. Ni loma biyu na yi.

Kafin la'asar yarinyar ta fara amai. Iya ma cikinta ya murɗa, ta kwanta. Ni ɗan jiri kawai na ji. Yarinyar kuwa yawu yana zuba a bakinta, jikinta yana karkarwa, idonta ya ƙanƙance. Aka jiƙa rubutu aka ba ta, ya dawo. Ruwa kuma yana ta zuba, lungu ya cika har gwiwa. Da gari ya waye wani maƙwabcinmu ya saɓa ta a kafaɗa, Iya tana bin sa tana dafa bango, za su asibiti. Ba su kai bakin titi ba suka juyo.

Mata suka cika gidan. Uwar 'yar fari ba ta kuka a gaban mutane, don haka ban yi ba. Na zauna a ƙuryar ɗaki da mayafi, ana shigowa ana yi wa Iya gaisuwa, ni a ce mini "ya haƙuri" a taƙaice. Ina ji wata tana cewa, "Kai, Amarya akwai kunya, ko ɗigon hawaye." Yabona suke yi.

Bayan sadakar uku, da gida ya watse, Iya ta je ta buɗe ƙwaryar. Ta ɗebi waken ta shinshina. Ta jiƙa tafin hannunta ta murza, ta kawo shi dab da idonta. Sannan ta juyo. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu. Ta shiga kangon ɗakin da ya rushe, ta ɗauki guntun kaskon randar, ta durƙusa ta haƙa rami a jiƙaƙƙiyar ƙasar, ita kaɗai, ta hana ni taɓawa. Ta juye waken duka, abincinmu na wata guda da rabi, ta mayar da ƙasa, ta tattake da ƙafa. Ƙwaryar ma ta fasa ta.

Ta ce, "Ƙwari ne suka cinye waken. Yarinya kuma zazzaɓin damina ne. Haka zan faɗa wa mijinki, haka za ki faɗa. Kin ji ni?"

Na ce, "Na ji."

"Kada in ƙara jin wata magana, ko bayan raina."

Sauran daminar da dusa muka ƙarasa ta, da tafasa, da abin da maƙwabta suka miƙo ta kan katanga. Ƙafafun Iya suka kumbura, in ka danna yatsa ramin ya zauna. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta canza mini fuska ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam ya dawo da kaka da 'yan kaya kaɗan, aka faɗa masa abin da aka shirya, ya ce Allah ya sa mai ceto ce. Har ya koma ga Allah abin da ya sani ke nan. Da aka kawo sabon wake, Iya ta ɗauko matankaɗinta ta ɗora mini a cinya ta ce, "Bana ke za ki yi." Tun daga ranar ban bar shekara ta wuce ban tara toka ba.

Yankin takardar nan ban jefar ba. Na ninke shi na saka a ƙasan akwatina. Bayan Iya ta rasu, Malam ya bi ta, ina da shekara arba'in da wani abu, na shiga ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa. Aka yi ta yi mini dariya, wai tsohuwa da jakar 'yan firamare. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce don in riƙa karanta katin asibiti ne. A shekara ta biyu, wata ranar Asabar da hantsi, na rufe ƙofa na fito da takardar. Gefe ɗaya Turanci ne, ɗaya gefen Hausa. Na bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, ina haɗawa a bakina kamar yadda malamarmu ta koya mana. Maganin irin shuka ne. An rubuta kada mutum ko dabba su ci abin da aka zuba wa, ko an wanke. Layi biyu ne kacal, kuma suna cikin hannuna ranar da na barbaɗa shi.

Ranar Talatar nan, bayan magariba, ɗana Mustafa ya shigo ɗakina ya tsuguna. Shi bayan shekara biyu da wannan damina aka haife shi, abin da ya sani kawai yana da yaya da zazzaɓi ya ɗauke.

Ya ce, "Umma, an ce kin ƙwace mana magani."

Na ce, "Na ƙwace."

Ya yi dariya. "Kowa fa da shi yake amfani yanzu. Masu sayar da waken ma shi suke sawa."

"Ni ba kowa ba ce. Kuma a gidan nan ba za a sa ba."

"To Umma, toka dai a wannan zamanin? Waken nan in ƙwari suka shiga, ba ni da halin sayen wani kafin kaka, kin san yadda gari yake."

Na ce masa na sani. Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tashi. A tsakar gida na ji yana ce wa Nafisa ƙasa-ƙasa, "Ƙyale ta, rigimar tsufa ce. Gobe in na fita zan sayo wani, ki sa ba sai ta gani ba."

Ba sai ta gani ba. Ni ma haka na yi wa Iya. Kwalba nawa zan ƙwace? Ina iya tsare buhu yau, ba na iya tsare shi ranar da na tafi gidan biki, balle ranar da aka fitar da ni. Iya ta ce ko bayan ranta, na kuwa riƙe mata shekara arba'in da 'yan kai. Amma ita rufa mini asiri ta yi don in zauna a ɗakina, ba don wata yarinyar ta sake lashe yatsa ba.

Da safe, ruwa yana yayyafi, na juye kwalbar a masai na fasa ta. Na yafa mayafi na taka har Ƙofar Mazugal, na tarar Ladi ta sauke kaskon farko. Ta ce, "Hajiya, ke da kika kwashe ta wata huɗu?" Na ce a sake. Na dawo da leda biyu, na baza a tire a ƙarƙashin rumfa. Mustafa yana ɗaura agogo zai fita, na ce ya dawo ya zauna. Na kira Nafisa, ta fito da Ummi a goye. Na buɗe akwati na ɗauko matankaɗin Iya na ɗora mata a cinya, na ɗora takardar a kai, ta yi laushi kamar tsumma, jan garin har yau yana cikin ninkin.

Na ce, "Ke malama ce. Karanta mana da ƙarfi, mijinki ya ji."

Ta karanta, ta ɗago tana kallona.

Na ce, "Mustafa, yayarka ba zazzaɓi ne ya kashe ta ba. Ku gyara zama in gaya muku. Sunanta Falmata."